Takari a Bakin Ganuwar Jidda

Jidda tana bakin Bahar Maliya ta wajen gabas, kamar mil 45 daga Makka. Tun zamanin Halifa Usmanu ɗan Affan, cikin shekara ta 26 bayan Hijira, watau wajen 647, aka mai da ita mashigar Makka ta ruwa. Daga sa'an nan alhajin da ya biyo teku, ko daga Masar ya fito, ko daga Hindu, ko daga ƙasashen baƙar fata, galibi a nan ya ke fara taka ƙasar Hijaz. Mutanen garin suna cewa kabarin Nana Hauwa'u yana wurinsu, har waɗansu su kan ce daga nan sunan ya fito, gama jadda da Larabci kaka ke nan.

Wajen 1509 Sarkin Masar ya sa aka kewaye garin da ganuwa don tsoron jiragen Turawan Fotugal, ganuwar nan kuwa ta tsaya har 1947. A cikinta akwai benaye masu hawa uku, masu hawa huɗu, na dutsen murjani da a ke haƙowa a bakin teku, da tagogin katako masu sassaƙa. Amma duk da arzikin fatauci, Jidda ta rasa ruwa. Ba ta da kogi, ba ta da fadama, ruwan saman da ke sauka mata a shekara bai kai ushirin na Kano ba. Dā a kan tara shi a manyan ramuka ginannu a bayan gari, ana sayarwa da tsada. A farkon ƙarni na 20 Turkawa suka kafa injin da ke dafa ruwan teku ya raba shi da gishiri, mutane suka sa masa suna kindasa.

To, a bayan ganuwar nan akwai waɗansu bukkoki na kara da tabarma. Wani Bature matafiyi mutumin Suwizalan, mai suna Burckhardt, ya sauka Jidda cikin 1814, ya kuwa ba da labarin baƙaƙen alhazai da ya gani a Hijaz. Ya ce da zarar sun iso sai su kama sana'a: waɗansu dako daga jirage zuwa ɗakunan ajiya, waɗansu sharar gidaje, waɗansu itacen wuta, waɗansu saƙar tabarmi da kwanduna da ginin murhu na yumɓu, ba safai su ke bara ba sai a 'yan kwanakin farko. Larabawa suna kiransu Takarir ko Takarna, daga sunan Takrur, wata tsohuwar daula a bakin kogin Sanagal. Daga nan Hausawa suka sami kalmar takari. Ƙauyensu da ke kudu da ganuwa a kan kira shi Nakatu.

Me ya raba manomi da ƙasar gero da dawa, ya kai shi garin da ko ruwan sha sai an saya? Babban dalili aikin hajji ne, wannan ba shakka. Amma in an bi tarihin hanyar gabas, za a tarar da wani dalili yana tafe tare da na farko, watau gajiya da masu mulki. Mutum ya kan dubi fada ya ga babu gyara, sai ya sa gabansa gabas, da nufin ya tsira da addininsa, ya ci daga guminsa, ba ruwansa da sarauta.

Malam Abdullahi ya bar rundunar yaƙi

Wanda ya fi kowa shahara da wannan niyya a ƙasar Hausa shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu. Yana tare da Shehu aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu cikin 1804, shi ne kuma ya shugabanci jama'a ran yaƙin Tabkin Kwatto. Amma bayan Tsuntsuwa da Alwasa, inda malamai da mahaddata masu yawa suka kwanta dama, sai ya dubi waɗanda suka rage ya ga hali ya sake. A cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati ya ba da labarin abin da ya dame shi. Ya ga mutanen da suka fito don gyara sun koma neman muƙami da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ado da dawakin kilisa, ana cin hanci, ana kaɗe-kaɗe a ƙofar manya kamar yadda a ke yi wa sarakunan da aka kora.

Wajen 1807, runduna tana kan hanyar Alkalawa, sai Abdullahi ya sulale da abokai biyar, ya nufi gabas, ƙudurinsa Makka da Madina. Suka kwana uku a dokar daji ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye. Da suka iso Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen gari suka tare shi, suka ce ba ya wucewa sai ya koya musu yadda a ke tsai da shari'a. Ya gaya musu abin da ya gudo dominsa ga shi ya tarar a wurinsu. Duk da haka ya zauna, ya karanta musu tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafi a kan yadda mai mulki zai riƙe jama'a da adalci. An ce har gangunan fada aka farfasa, aka mai da kututturansu akussan harawar dawaki. Daga nan ya juya ya koma gida. Bai ga Jidda ba har ya rasu a Gwandu cikin 1829, bayan ya daɗe da sakar wa ɗansa da ɗan wansa harkar mulki, ya koma ga karantarwa da rubutu.

Niyyar da ya fasa ba ta mutu ba. Akwai magana tun zamanin Shehu cewa a ƙarshen zamani jama'a za ta tashi ta nufi gabas, ta sadu da Mahadi a wajen kogin Nilu. Duk lokacin da haraji ya yi nauyi, ko fari ya yi tsanani, sai maganar ta taso, a ga ƙauyuka suna ɗaure kaya. Sarakuna kuwa ba sa so, don ƙasar da manoma suka watse ba ta da rumbu.

Hijirar 1903

Ran 3 ga Fabrairu 1903 sojan Ingilishi suka ci Kano. Ran 15 ga Maris suka ci Sakkwato a filin Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu, wanda bai fi wata biyar bisa gado ba, ya fita da tutar Shehu ya yi gabas. A nan manyan Sakkwato suka rabu biyu. Waziri Buhari ya shawarci malamai, suka ga in kowa ya tashi ba wanda zai tsaya wa talakawan da ba su da ikon tafiya, saboda haka ya komo birni ya yi sulhu da Gwamna Lugga, aka naɗa wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba. Sarki kuwa ya ga zama ƙarƙashin Nasara bai halatta ba, tun da akwai hanyar fita.

Abin da ya ba Turawa tsoro shi ne yawan talakawan da suka bi shi. Lokacin bazara ne, ana sharar gona ana jiran ruwan shuka, amma daga ƙasar Zamfara har kudancin Kano da Katagum mutane suka bar gonakinsu, suka ɗora tsofaffi da yara bisa jakuna, suka kora shanu suka bi ayari. Har da bayi masu yawa, waɗanda suka ga ranar fita daga gandun iyayengijinsu ta zo. Hafsoshin da ke bin sawunsa suka riƙa aika wa Lugga labari cewa suna tarar da garuruwa wayam. Manya ma sun shiga: Etsu Nupe Abubakar, da Sarkin Misau Ahmadu, da Magajin Keffi Ɗan Yamusa, da Alfa Hashim, jinin Alhaji Umaru Futi, wanda ya gudo daga hannun Faransawa tun daga yamma.

Aka taru a Burmi, kusa da kogin Gongola, cikin Jihar Gombe ta yanzu. Ran 27 ga Yuli 1903 aka gwabza tun hantsi har magariba. Sarkin Musulmi ya faɗi, da mutum fiye da 600 tare da shi, Manjo Marsh shugaban sojan Turawa shi ma a nan ya mutu. Mafi yawan talakawa suka juya gida. Waɗanda suka ƙi juyawa suka bi ɗan Sarki, Muhammadu Bello, wanda a ke kira Mai Wurno, suka ci gaba. Alfa Hashim ya kai Madina, ya zauna yana karantarwa har ya rasu, gidansa ya zama masaukin takari.

Ba a rufe hanyar daga Burmi ba. Cikin 1906 talakawan Satiru, kusa da Sakkwato, suka tashi da gatura da fartanyu, aka murƙushe su, aka shafe garin. Sa'an nan ga haraji da jangali da a ke biya da kuɗin Bature, ga aikin tilas na hanyar jirgin ƙasa, ga yunwar 1914, ga kamun soja da aikin dole a ƙasar Faransa, wanda ba a soke ba sai 1946. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara wa hanyar gabas matafiya.

Gona a bakin Bahar Azrak

Hanyar ta kan bi ta Barno, a haye zuwa Fallomi, wadda a ke kira Njamena yanzu, a bi ta Abashe a ƙasar Wadai, a shiga Darfur ta Jinaina da Fashir, a kai Al-Ubayyid, sa'an nan Nilu. Daga can sai Sawakin a bakin teku, inda a ke tsare alhazai a duba lafiyarsu kafin su haye Jidda. Mai kuɗi ya kan yi ta cikin watanni. Talaka kuwa guzurinsa fartanya. In damina ta same shi a wani gari sai ya roƙi fili ya shuka, ya girbe, ya sayar, ya ƙara gaba. Ta haka tafiya ta kan ci shekara biyar, ko bakwai, ko goma, a yi aure a hanya, a haihu a hanya, a binne iyaye a hanya.

Mai Wurno ya iso Bahar Azrak, watau reshen Nilu da ya gangaro daga duwatsun Habasha, cikin 1906. Abin mamaki, Ingilishin da ya guda su ya tarar suna mulkin Sudan, gama sun ci Omdurman tun 1898. Amma a nan bukatarsu dabam ce. Yaƙe-yaƙen zamanin Mahadi da yunwa sun rage mutanen ƙasar ƙwarai, ga ƙasa baƙa mai albarka tana kwance ba mai noma ta. Sai suka ba shi wuri kudu da Sinnar, daura da garin Shaihu Talha, suka bar shi ya shugabanci mutanensa. Garin da ya kafa har yau sunansa Mai Wurno, sunan ribaɗin nan na bakin gulbin Rima inda kabarin Sarkin Musulmi Bello ya ke.

A nan masu gudun mulki suka sami abin da su ke nema, gwargwado. Suka sare daji, suka shuka dawa da gero da riɗi da gyaɗa. In kogi ya janye sai su bi gaɓa da albasa da kuɓewa, masunta kuma su shiga ruwa. Ƙauyuka suka yi ta tsirowa a bakin Bahar Azrak da kogin Dindir da Rahad, har wajen Gadarif da Kasala, kowanne da masallacinsa da makarantar allo da mai unguwa. Ba mai zuwa gaisuwa fada kowace safiya, ba mai jiran kyautar sarki. Tsiren da mahautansu ke gasawa ya shiga bakin mutanen Sudan, har yau agashe su ke ce masa.

Cikin 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe noman auduga na Jazira, tsakanin rassan Nilu biyu, da fadan 300,000, fadan kuwa ya ɗara eka kaɗan. Auduga tana son hannu, wajen shuka da noma da tsinka, hannun kuwa na takari ya fi yawa cikin baƙi. A shekarun 1930, da kuɗin auduga ya faɗi, waɗansu masu gonaki suka yar da nasu, aka ba takari. Sauran suka zauna a sansanonin bayan gari suna ƙodago ko noman raba-daidai. Wani malamin jami'a, C. Bawa Yamba, ya zauna cikinsu, ya fitar da littafi a kansu cikin 1995. Ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunnen waɗanda suka fito, ba su taɓa ganin ƙasar Hausa ba, ba su kuma ga Makka ba, amma in an tambaye su sai su ce su matafiya ne, suna kan hanya. Da yawa ba sa yarda su yi ginin zama, don kada ya zama sun sauke niyya.

Waɗanda suka haye

Waɗanda suka tara kuɗin jirgi suka haye, su ne mutanen bukkokin bayan ganuwa. Wanda ba shi da na jirgin tururi, ko ba ya son a rubuta shi, ya kan shiga kwalekwalen Larabawa mai filafilai da dare, a sauke shi can kudu wajen Lis ko Kunfuda, ya tako da ƙafa. A wannan hanya akwai ƙishirwa, akwai kuma masu satar mutane. Yara da yawa da suka fito da iyayensu 'ya'ya, a kasuwar bayi suka ƙare. Bisa yarjejeniyar Jidda ta 1927 ofishin jakadan Ingila ya riƙa 'yanta bawan da ya gudo wurinsa, har 1936, cikinsu kuwa akwai masu jin Hausa. Ba a soke bauta a Saudiyya ba sai 1962.

Rigimar mulki ma ba ta ƙyale su ba. Cikin Yuni 1916 Sharif Husaini na Makka ya yi wa Turkawa tawaye, jiragen yaƙin Ingilishi suka yi ta harbin sansanin Turkawa a Jidda har suka ba da gari. Cikin 1924 rundunar Abdul'aziz ɗan Sa'ud ta ci Ɗa'ifa da Makka, ta kewaye Jidda kusan shekara guda, abinci ya yanke, ruwa ya yi wuya, har Sarki Ali ɗan Husaini ya sallama cikin Disamba 1925. Mutumin da ya baro Burmi yana saurayi, ya zo ya ga wani yaƙin sarauta da furfurarsa, yana zaune a bukka tsakanin ganuwa da masu kewaye ta. An gudu ba a tsira ba.

Babbar hasarar manomi a Jidda ita ce ba inda zai sa fartanya. Sai ya zama ɗan garuwa, yana ɗaukar ruwan kindasa a garwar kananzir yana bi gida gida, ko ɗan dako a bakin jirgi, ko mai wanki, matansa suna sayar da ƙosai da waina da gyaɗa. Wanda ransa ya ƙi rabuwa da shuka ya kan nufi Wadi Fatima, wani kwari tsakanin Jidda da Makka mai idanun ruwa, inda a ke noman dabino da kankana da kayan miya a kai biranen biyu. A can baƙaƙen mutane, bayi da 'yantattu da 'yan ƙodago, su ne ƙashin bayan aikin lambu. Amma cikin 1947, shekarar da aka rushe ganuwa, aka ja ruwan kwarin cikin bututu zuwa Jidda, aka sa masa suna Ainul Aziziyya. Birni ya sha ya ƙoshi, ya yi ta faɗaɗa da kuɗin man fetur da aka samu tun 1938. Sannu a hankali idanun ruwan kwarin suka ja baya, lambuna da yawa suka bushe, masu aikinsu suka gangaro birni neman albashi.

Zamanin takarda

Daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga Kano, tafiyar shekara bakwai ta koma ta yini guda. Alhaji Abubakar Imam ya kai maganar alhazai gaban Majalisar Arewa cikin 1953, ya kuma je a shekarar nan, ya ga wahalar mutanen Nijeriya a can. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, jinin Sarkin Musulmi Bello, ya je cikin 1955. Ba da daɗewa ba aka buɗe ofishin alhazan Nijeriya a Jidda, Malam Abubakar Gumi yana cikin waɗanda suka fara riƙe shi. Aka sami sauƙi ƙwarai, amma sauƙin ya zo da fasfo da biza da ranar komowa. Hanyar da dā mutum ke bi ya ɓace wa hukuma, yanzu sai da hatimin hukuma a ke shigarta.

Takari na dā suka rabu biyu. Waɗanda suka karɓi takardar zama 'yan ƙasa tun da wuri suka zama Sa'udawa, sunan asalinsu ya zama sunan gida: Hausawi, Fallata, Barnawi. Cikinsu an sami malamai da limamai da ma'aikata da sojoji. Usama Hausawi, haifaffen Makka, shi ya shugabanci 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar duniya ta 2018. Amma waɗansu ba su karɓa ba, ko don rashin sani, ko don ganin matafiyi ba ya bukatar takardar zama. Jikokinsu suka tashi a Jidda, Larabcin Hijaz a bakinsu, ba su san kowa a Kano ko Damagaram ba, amma bisa doka baƙi ne, kullum cikin neman iƙama. Su da waɗanda suka zo daga baya suka ƙi komawa, suka cika unguwannin kudancin birni, irin su Karantina da Gulail da Sabil. Daga Nuwamba 2013 hukuma ta tsananta kamun marasa iƙama, aka yi ta mai da mutane ƙasashen da waɗansunsu ba su taɓa gani ba.

A Sudan ma takarda ta cim ma gona. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba ke zaune a ƙasar tun ran 31 ga Disamba 1897. Mutanen Mai Wurno sun makara da shekara tara. Da aka ɗaure rabon gonakin Jazira da takardar ɗan ƙasa, sai wanda ya shekara hamsin yana tsinkar auduga ya ga ba shi da rabo. Daga baya an sassauta dokar, da yawa sun sami takarda, amma kalmar baƙo ba ta fita daga bakin maƙwabta ba.

Shekarar 2022 ta nuna ƙarshen abin a gaɓa biyu na Bahar Maliya. A Jidda, tun daga Oktoba 2021, hukuma ta shiga rushe unguwanni fiye da 60, ta ce an gina su ba bisa tsari ba, sun zama maɓoyar masu laifi, za a sabunta birni. A kan shafa wa bango kalmar ikhla da jan fenti, watau a tashi, bayan 'yan kwanaki ko makonni motocin rusau su iso. Karantina da Gulail da Sabil duk sun tafi. An yi wa 'yan ƙasa alkawarin diyya, wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa sai ya kwashe kayansa. A Jihar Bahar Azrak ta Sudan, cikin Yuli na shekarar nan, Hausawa suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, waɗansu ƙabilun wurin, musamman Barta da Hamaj, suka ce sarauta ta mai ƙasa ce, baƙo ba ya da ita. Faɗa ya tashi a Rusairis da kewaye, aka kashe mutum fiye da 100. Cikin Oktoba aka sake a Wad al-Mahi, aka kashe wajen 200, dubbai suka bar gonakinsu ana gab da girbi. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023, ya bi ta Jazira da Sinnar, ƙasar da Mai Wurno ya sauka. Jiragen da suka kwashe masu gudu daga Bur Sudan, Jidda suka kai su, a Jidda kuma aka zaunar da wakilan rundunonin biyu neman sulhu cikin Mayu, sulhun bai riƙe ba.

Ba za a ce masu hijira sun yi wauta ba. Hausawa sun ce noma tushen arziki, su kuwa sun gwada gaskiyar maganar a ƙasar da ba tasu ba. Da fartanya suka ratsa Afirka daga yamma zuwa gabas ba su roƙi kowa ba, da ita suka ci da iyalinsu shekara ɗari da ɗoriya a bakin Nilu, suka raya makarantunsu da harshensu. Abin da fartanya ta kasa shi ne tsare gonar kanta. Ranar da aka tambayi wa ke da fili, wa ke da ruwa, wa ke da ikon zama, a majalisa da ofis aka yanke, wurin da su suka ƙaurace wa tun da fari, ba su da mai magana a ciki.

Wannan ita ce matsalar da Malam Abdullahi ya gamu da ita a Kano, Waziri Buhari kuma ya gamu da ita a bayan Sakkwato. Dukansu biyu sun ga ɓarnar zamaninsu, dukansu sun san hanyar gabas a buɗe ta ke, suka komo suka zauna da masu mulkin da ba su gamsu da su ba, don talakan da ba shi da jakin tafiya. Attahiru da ɗansa suka zaɓi ɗaya hanyar, suka biya da jini da baƙunci. Kabarin Abdullahi yana Gwandu, na Attahiru yana Burmi, zuriyar Mai Wurno tana bakin Bahar Azrak. Tsohon garin Jidda na cikin ganuwa an sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tun 2014, ana gyara benayensa na murjani, amma bukkokin Nakatu ba su bar kufai ba. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, na gida da na hanya.